Abin Yi da Abin Bari Ga Mai Karatun Dunƙulewar Duniya

A jami'o'in Amurka da Kanada, ɗalibi yakan zaɓi babban fannin da zai yi digirinsa a kai, sannan in yana so ya ɗauki wani ƙarami ya haɗa da shi, galibi kwas biyar zuwa bakwai. Cikin ƙananan fannonin nan akwai nazarin dunƙulewar duniya, wato yadda kaya da kuɗi da mutane da labarai, har da cututtuka, suke ƙetare iyakoki, da yadda ƙasashe suka wayi gari abincin wannan yana hannun waccan. 'Ya'yanmu da ke karatu a can suna cin karo da shi a jerin abin da za su zaɓa. Na gida kuwa, a Bayero ko Ahmadu Bello ko Abdou Moumouni ta Yamai, suna tarar da shi a warwatse cikin darussan tattalin arziki da tarihi da kimiyyar siyasa. Da ku duka nake magana, maza da mata, kuma ba zan sassauta ba. Fanni ne da mutum zai iya cinye shi da maki mai kyau, ya fito bai san dalilin da ya sa buhun fulawa ya yi tashin gwauron zabi a garinsu ba, kuma wannan asara ce da ba na so in ga ɗayanku ya yi.

Kada ku ɗauke shi don neman wurin hutawa. Na san lissafin da ake yi: babban fanni ya yi nauyi, bari a nemi wani mai yawan hira da ƙarancin jarrabawa a ɗaga maki da shi. Wanda ya shiga da wannan niyya zai tsinto kwas ɗaya kan abincin ƙasashe, ɗaya kan finafinai, ɗaya kan yawon buɗe ido, ya cike adadin da ake nema, ya kama gabansa. A yawancin jami'o'in can, ƙaramin fanni a takardar sakamako yake fitowa, ba a kan shaidar digiri ba, kuma ba wanda zai ɗauke ku aiki saboda layi ɗaya a takarda. Abin da ya zauna a ka shi zai amfane ku. Don haka ku ɗaura shi a jikin sana'ar da kuke koyo. Mai karatun noma ya san cewa Najeriya tana yin takin yuriya da iskar gas ɗinta, amma fosfet daga Maroko take sayo shi, sannan ya tambayi kansa me ke faruwa da damina idan jirgin ruwa ya makara. Mai karatun harhaɗa magunguna ya bi sawun ƙwayoyin da ke kantunanmu, zai tarar da yawansu daga Indiya da Sin suka fito, ko su ko sinadaransu. Mai karatun shari'a ya karanta yarjejeniyar ciniki ita kanta, sashe bayan sashe, ya bar taƙaitawar da wani ya yi.

Kada ku yarda a ce muku abin ya fara ne da intanet, ko da rushewar katangar Berlin a 1989. Littattafai da yawa da za a miƙa muku daga nan suke soma labari, waɗanda suka ɗan matsa baya su soma daga jiragen ruwan Fotugal da Sifen. Ku da kuka fito daga ƙasar fatake bai kamata ku haɗiye wannan ba. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, birni ya tarar mai saƙa da rini, wanda tufafinsa ke kaiwa Ghat da Tarabulus ta arewa, da Tumbuktu ta yamma. Jar fatar akuyar Sakkwato takan ƙetare Sahara ta isa Turai, a can a sayar da ita da sunan fatar Maroko, saboda ta hannun 'yan kasuwar can ta bi. Fatake kan ɗauki kanwa da tufafi zuwa Gwanja, su sauka Salaga su ɗoro goro, kuma zangunan da ke Kumasi da Accra a yau jikokin irin wannan tafiya ne. Paul Lovejoy ya yi nazari a kan fataucin goro. Abner Cohen ya yi nasa a kan Hausawan Sabo ta Ibadan, ya fitar a 1969, inda ya nuna yadda ciniki mai nisa ke tsayuwa a kan maigida da dillali da amana, ba tare da banki ko kotu ba. Ku nemo su ku karanta, ko da malaminku bai sa su a jerin karatu ba.

Amma kada ku mai da tarihin nan abin taƙama kawai. Cikin abin da ayari ke kaiwa arewa akwai bayi, 'yan Adam da aka raba da iyayensu, da yawa kuma ba su kai ƙarshen hamada da rai ba. Wanda ya ambaci turkuɗi da fata ya ɓoye wannan ya ha'inci mai sauraronsa.

Ku tsaya sosai a kan shekarar 1912, domin kusan duk abin da fannin nan ke koyarwa yana cikinta. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a shekarar da ta biyo. Auduga Turawan mulki suke so, don masaƙun Lancashire. To, a daidai lokacin masana'antun Turai sun gano dabarar daskarar da man tsirrai su yi man shafa wa burodi da shi, sai gyaɗa ta yi daraja. Dillalan Kano suka bazu ƙauyuka da kuɗi a hannu, cikinsu ne daga baya Alhassan Ɗantata ya yi fice. Manomi, wanda haraji ke jiransa kuma da tsabar kuɗi zai biya, ya auna kuɗin auduga, ya auna na gyaɗa, ya shuka gyaɗa. Dalar gyaɗa daga nan ta samo asali. Ku duba mutum nawa ke cikin wannan labari: mai ɗakin gwaji a Turai, mai masaƙar da ya rasa audugar da ya sa rai, Baturen da ya shimfiɗa dogo da wata niyya ya sami wata, dagacin da ke karɓar haraji, da manomin da ya yi lissafinsa daidai. Ba a tilasta masa gyaɗa ba, ba a kuma bar shi sakaka ba. Duk ɗalibin da ya iya riƙe waɗannan biyu a kansa lokaci ɗaya ya fara gane karatun.

Kada kuma ku wuce gona da iri ku ce babu wani sabon abu. Akwai. A 1956 wani Ba'amurke mai motocin dako, Malcom McLean, ya ɗora kwantena 58 a jirgin ruwa daga Newark zuwa Houston. Kafin nan 'yan dako ke lodi buhu-buhu, jirgi ya yi kwanaki a tasha. Kwantena ta karya kuɗin dako har ya zama kawo yadi daga Guangzhou zuwa Kwatano ba wani abin a-zo-a-gani ba ne a cikin farashinsa. Ayarin raƙuma watanni yake yi, kuɗi yanzu cikin daƙiƙa suke barin ƙasa. Ku san wannan bambanci da alƙaluma, ba da baki ba.

Ku koyi lissafi. Wannan shi ne wurin da mafi yawa ke zamewa, kuma shi ne wurin da ba zan ɗaga ƙafa ba. In a tsarin da aka ba ku darasin tattalin arziki zaɓi ne, ku mai da shi dole a kanku, ku ƙara da na ƙididdiga. Dole ku iya bayyana hujjar da David Ricardo ya kafa a 1817, da misalinsa na yadin Ingila da giyar Fotugal, cewa ƙasa biyu za su iya amfana da ciniki ko da ɗaya ta fi ɗaya iya yin komai. Ku iya bayyana ta yadda mai goyon bayanta zai ce kun yi adalci, sannan ku soke ta in kuna da abin suka. Sukar abin da ba a fahimta ba hayaniya ce. Dole ku san abin da ke sa kuɗin ƙasa ya faɗi. A 1985, a farashin gwamnati, naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, a 1987 dala ɗaya ta kai wajen naira 4. A watan Janairu na 1994 aka raba darajar sefa biyu a zama ɗaya a Dakar, faran ɗaya na Faransa da ke sefa 50 ya koma sefa 100, ma'aikacin Yamai da na Damagaram suka kwana da albashi suka tashi da rabinsa a gaban kayan waje. A watan Yuni na 2023 aka saki naira, dalar da ke ƙasa da naira 500 a banki ta haura 1,500 a farkon shekarar da ta biyo. Kowane ɗaya cikin ukun nan yana da hujjar da aka kafa masa, da waɗanda suka samu, da waɗanda suka tsiyace. In kun gama ƙaramin fannin nan ba ku iya zayyana su, ba ku yi shi ba.

Kada ku riƙa cakuɗa sunayen hukumomi. IMF da Bankin Duniya a taron Bretton Woods na 1944 aka haife su, dukkansu a Washington suke, amma aikinsu daban: na farko yana ba ƙasa rance ne idan kuɗin waje ya yanke mata, da sharuɗɗa, na biyu yana ba da bashin ayyuka da tsare-tsare. Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, ba ta ba kowa ko sisi. A 1995 aka kafa ta a Geneva don dokokin ciniki da sasanta ƙararraki, kuma Ngozi Okonjo-Iweala ke shugabantar ta tun 2021. A IMF nauyin ƙuri'a gwargwadon kason kuɗin ƙasa ne, a WTO kuwa bisa ƙa'ida da yardar kowa ake yanke shawara. Ɗalibin da ya rubuta cewa WTO ta ba Najeriya bashi ya zubar da mutuncin sauran takardarsa, ko da akwai gaskiya a cikinta.

Ku ɗauki kaya ɗaya ku bi shi daga tushe har ƙarshe. In duk abin da na faɗa za ku watsar, ku riƙe wannan. Ku bar manyan kalmomi ku kama turmin atamfa ɗaya a Kantin Kwari. Zanen da ke jikinta daga rinin kakin zuma na mutanen Java a Indunusiya ya samo asali, 'yan Holan suka kwaikwaya da inji suka kawo wa Afirka ta Yamma, shi ya sa har gobe kamfanin Vlisco ke riƙe da saman kasuwa. Shaddar da ake kira gezna daga masaƙar Getzner take a ƙasar Ostiriya. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, zamanin Sardauna, da nufin audugar Funtuwa da Gusau ta zama yadi a gida. A 1964 wani attajiri daga Hong Kong, Cha Chi Ming, ya kafa masaƙar UNTL a Kadunan, ta zama babba a cikinsu. Kakuri ta cika da ma'aikata, haka Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano. Sai Sin ta shiga WTO a ƙarshen 2001, a farkon 2005 kuma tsarin kason da ya daɗe yana taƙaita fitar da tufafi a duniya ya ƙare. Yadi mai araha ya kwararo, da yawansa ta Kwatano, ya hau zuwa Maraɗi, ya sulalo ta Jibiya. Masaƙu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, dubban magidanta suka koma gida ba sallama ta kirki.

To, a nan ne zan gane ko kun yi karatu. Kada ku tsaya a kan cewa Sin ce ta kashe masaƙunmu, ku rufe littafi. Ku tambaya: nawa masaƙa ke kashewa a kan janareto da baƙin mai, alhali takwararta a can wuta ba ta ɗaukewa? Injunan na wace shekara ne? Ruwan bashin banki nawa ne? Gwamnati ta sha haramta shigo da yadi, to ta wace ƙofa ya riƙa shigowa, wa ke gadin ƙofar, kuma su waye attajiran da suka riƙa kai samfurin zane can a buga musu? 'Yan gida ne. Sannan ku tambayi matar da a da sai da salla take ɗinka sabon zane, yanzu tana iya yi wa 'ya'yanta uku, ita me za ta ce? Ita ma 'yar ƙasa ce, kuma ribarta gaskiya ce, kamar yadda asarar ma'aikacin Kakuri gaskiya ce. Ni a ganina rushewar masaƙun nan babbar musiba ce da arewa ba ta farfaɗo daga gare ta ba, kuma rabin laifin namu ne. Kuna iya saɓa mini, amma da hujja.

Ba dole sai atamfa ba. Zoɓon da ake auna wa a kasuwar Dawanau yana kaiwa Meziko, inda suke jiƙa shi su sha kamar yadda muke yi. Riɗi yana tafiya Sin da Japan da Turkiyya. Yuraniyom ɗin Arlit, wanda aka fara haƙa a 1971, ya yi shekaru yana cikin abin da ke haska biranen Faransa, alhali mafi yawan gidajen Nijar ba su da lantarki. Ko wanne kuka zaɓa, ku rubuta farashinsa a kowane hannu da ya bi, daga gona ko rami har kanti, ku ga inda kuɗin ya fi tsayawa.

Kada ku shiga aji da hukunci a aljihu. Ɗalibanmu kashi biyu suke zuwa: masu ganin duk abin makircin Yammacin duniya ne, da masu ganin duk wanda ya yi ƙorafi ɗan baya ne da bai waye ba. Dukkansu sun huta da tunani. Ku karanta Walter Rodney, wanda littafinsa na 1972 ya ɗora alhakin koma-bayan Afirka a kan Turai, ku karanta Samir Amin da ya yi mafi yawan rayuwarsa ta ilimi a Dakar, ku karanta Dokta Yusufu Bala Usman na Zariya, Allah Ya jiƙansa. Sannan ku karanta Jagdish Bhagwati da ya fito yana kare buɗe kasuwanni a 2004. Joseph Stiglitz ya riƙe muƙamin babban masanin tattalin arziki a Bankin Duniya kafin ya fito ya soki IMF a 2002, don haka sukarsa ta ɗan gida ce. Ha-Joon Chang, ɗan Koriya ta Kudu, ya nuna cewa Ingila da Amurka da kansu sun kare masana'antunsu da harajin kwastan kafin su fara wa'azin a buɗe. Dani Rodrik ya kawo hujjar cewa ƙasa ba za ta haɗa abu uku cif ba: cikakkiyar buɗewa, da ikon kanta, da dimokuraɗiyya. Ku sa gaskiya biyu a gabanku. Kusan mutum miliyan 800 suka fita daga matsanancin talauci a Sin cikin shekara 40, kuma sayar wa duniya kaya na cikin manyan dalilai. A watan Afrilu na 2013 kuma ginin Rana Plaza ya rufta a Bangladesh a kan masu ɗinka wa kantunan Turai da Amurka tufafi, mutum sama da 1,100 suka mutu. Ra'ayin da ba zai iya ɗaukar biyun nan tare ba, ku ajiye shi.

Kada ku bari kalmar dogaro da juna ta rufe muku ido. Doki da mahayinsa ma sun dogara da juna, amma linzami a hannun ɗaya yake. Duk inda aka ce ƙasashe biyu suna buƙatar juna, ku tambaya: in aka yanke hulɗa yau, wa zai fara kuka, kuma wa ke da wata ƙofar? A farkon 2021 ƙasashen Afirka suna jiran rigakafin korona ta shirin COVAX, wanda ya dogara ƙwarai da wata masana'anta ɗaya a Indiya. Da cutar ta tsananta a can, Indiya ta dakatar da fitarwa, mu muka yi ta jira, masu kuɗi kuwa sun riga sun saye nasu tun kafin a gama haɗawa. A 2003, a taron WTO na Cancun, Benin da Burkina Faso da Mali da Chadi suka kai kukan cewa tallafin da Amurka ke ba manoman audugarta yana karya farashi a kan manomansu. Aka saurare su, aka daɗe ba a yi abin kirki ba. A 2022 yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren, waɗanda su biyu ke fitar da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na alkamar da ake cinikinta a duniya, sai mai gidan burodi a Kano da mai suyar fanke a Damagaram suka ji a jikinsu, saboda alkamarmu kusan duk sayo ta muke yi.

Kuma kada ku zaci Bature ne kaɗai ke riƙe linzami. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, ECOWAS ta sa takunkumi, Najeriya ta yanke wutar da take ba maƙwabciyarta, wadda a lokacin ita ce mafi yawan abin da Nijar ke amfani da shi. Aka rufe iyaka, motocin albasa da na dabbobi suka tsaya, 'yan uwan juna a Illela da Birnin Ƙonni suka koma bin hanyoyin daji, har aka ɗage takunkumin a farkon 2024. Ku kuma riƙe wannan: a Yamai, a watan Yuli na 2019, Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar ciniki ba shinge ta nahiyar Afirka. A watan Agusta na shekarar ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. Ku yi nazarin abin da gwamnatoci ke yi, ku auna shi da abin da suka sa wa hannu.

Ku ƙara harshe. Ɗan Najeriya ya koyi Faransanci, ɗan Nijar ya koyi Ingilishi, duk wanda ya yi makarantar allo da islamiyya ya kai Larabcinsa matakin karanta jarida. Mai ƙarfin hali ya kama Sinanci. Wanda ke nazarin duniya da harshe ɗaya, ra'ayin masu harshen kawai zai ji.

Kada ku ɗauki alƙaluman hukuma tamkar wahayi. Ku koyi amfani da rumbunan bayanai na Bankin Duniya da na Majalisar Ɗinkin Duniya, dole ne. Amma ku sani babban kaso na cinikin da ke tsakanin Katsina da Maraɗi, ko wanda ake yi a kasuwar dabbobi ta Maigatari, ba ya shiga littafin kowa. In kun dawo hutu ku je kasuwa, gani ya kori ji. Ku je da ladabi. Ku yi sallama, ku nemi wanda zai gabatar da ku, ku faɗa wa Alhaji ko Hajiya gaskiyar abin da ya kawo ku da inda maganarsu za ta je. Kada ku kunna na'urar ɗaukar murya a ɓoye, kada ku rubuta sunan wanda bai yarda ba, domin maganar iyaka da kwastan tana iya jawo wa mutum fitina bayan kun koma makaranta. Kada ku je kuna yi musu lacca. Dillalin da ke kwana da farashin dala a wayarsa, yana waya da abokin cinikinsa a Dubai kafin azahar, ya san abubuwan da malaminku bai sani ba.

Ku da ke ajin Amurka, kada ku yarda a mai da ku kakakin Afirka. Za a juyo a tambaye ku ra'ayin nahiya mai ƙasa 54. Ku ce ga abin da na sani game da garinmu, ga inda sanina ya tsaya. Kada ku sayar da talaucin mutanenku don a tausaya muku a ƙara muku maki, kada kuma ku ƙawata shi don kunya. In malami ya faɗi kuskure a kan ƙasarku, kada ku yi shiru ku fito kuna gunaguni a waje. Ku ɗaga hannu, ko ku same shi a ofis, da hujja a rubuce da kuma girmamawa.

A batun al'ada, kada ku taƙaita shi ga cewa Turawa na ɓata mana tarbiyya. Damuwar iyaye a kan abin da ke shigowa ta waya gaskiya ce, ban raina ta ba. Sai dai finafinan da suka fi shiga zuciyar Bahaushe tun wajajen samun 'yancin kai na Indiya ne, kuma rawa da waƙar Kannywood daga can suka ɗauko salo. Brian Larkin da Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi rubutu mai zurfi a kan haka. Ku ƙara da abin da alhazai ke dawowa da shi daga Makka da Madina na sutura da littattafai da fahimta. Iskar ba daga yamma kaɗai take kaɗowa ba, kuma mutanenmu ba zaune suke ana zuba musu ba, suna zaɓa, suna sauyawa, suna ƙi.

Kada ku kwafi aikin wani, kada ku sa kwamfuta ta rubuta muku abin da za ku sa wa sunanku. A jami'o'in can ana korar ɗalibi a kan wannan, kuma korar ɗalibin waje tana tafiya da bizarsa. Ko da ba a kama ku ba, haramun ne ku karɓi shaida a kan ilimin da ba ku da shi.

Kada ku ƙara ko zango ɗaya na karatu saboda ƙaramin fanni. Da dala ake biyan kuɗin makaranta, da naira ko sefa iyayenku ke nemo ta, wani ma gona ko fili aka sayar. Tun shekara ta biyu ku zauna da mai ba ɗalibai shawara a sashenku, ku tambaye shi kwas nawa ne za a lissafa muku a babban fanni da ƙarami lokaci ɗaya, domin jami'o'i da yawa suna ƙayyade hakan. Ku tambaya wanne ne ba a koyar da shi kowane zango, wanne ne sai an yi wani kafin a shiga. Ku cike takardar rajistar ƙaramin fannin da wuri, ku ajiye kwafinta, sannan kafin zangon ƙarshe ku koma ofishin rajista ku tabbatar da idonku cewa an shigar da shi.